Ɗan Kwikwiyo ko Babban Kare: Wanne Ya Dace da Wanda Ya Sha Wahala da Karen Ceto?

Mutumin da ya ɗauko kare daga gidan ceton dabbobi, wato inda ake ajiye dabbobin da aka yasar ko aka tsinta har a sama musu sabon gida, da kyakkyawar niyya, sannan zaman ya ƙi daɗi, yakan fito daga wannan hali da shawara guda a ransa: idan har zai sake riƙe kare, to ɗan kwikwiyo zai nema, wanda babu hannun da ya riga nasa taɓa tarbiyyarsa. Wahalar takan zo ta fuskoki daban-daban. Wani karen cizo ya yi, wani ba a iya barinsa shi kaɗai a gida ko na rabin sa'a sai ya yi ta kuka yana yagar ƙofa, wani kuwa da zarar ya hango ɗan'uwansa kare a hanya sai ya fizge igiya ya tasar masa da faɗa. Wasu masu karen sun mayar da shi inda suka ɗauko shi, wasu sun jure har ƙarshen ransa, wasu kuma likita ne ya ba su shawarar a raba shi da rai ta hanyar allura saboda haɗarinsa ya wuce abin da gida zai ɗauka.

Wannan shawara ta neman kwikwiyo tana da gaskiya, amma rabi ce. Babban karen ceto yana zuwa da tarihin da ba a sani ba, shi kuwa kwikwiyo yana zuwa da makomar da ba a sani ba, kuma wanda bai lura da wannan ba yana iya yin gudun gara ya faɗa zago. Abin da ya fi raba zaɓuɓɓukan da ke gaban mutum shi ne yawan bayanin da zai iya samu game da karen kafin ya shigo da shi gida. Shekarun karen suna bayan wannan.

Ma'aunan da ya kamata a duba

Ma'auni na farko, kuma mafi nauyi ga wanda ya taɓa shan wannan wahala, shi ne sanin hali: me za a iya tabbatarwa game da ɗabi'ar karen tun yanzu, kuma daga bakin wa bayanin ya fito. Na biyu kuɗi ne, wanda ya haɗa kuɗin saye da na shekarar farko da kuma wanda ba a shirya masa ba, irin na asibiti da na mai gyaran ɗabi'a. Na uku wahalar yau da kullum, wato lokaci da barci da haƙurin da karen zai ci. Na huɗu ɗorewa, ma'ana lafiyar jikinsa da tsawon shekarun da ake sa ran za a yi tare. Na biyar haɗari da mafita: idan al'amari ya sake ɓaci, wa zai karɓi karen, kuma a kan wane sharaɗi.

Kafin a ɗora kowane zaɓi a kan waɗannan ma'aunai, akwai aikin da ba a tsallakewa, shi ne mutum ya tantance ainihin abin da ya lalata zamansa da karen farko. Idan tsoro ne mai tsanani da karen ya zo da shi, wannan matsalar karen ce, kuma wani karen dabam yana iya zama lafiya lau a gidan. Idan kuwa abin da ya faru shi ne gidan yana zama babu kowa sa'a tara ko goma a kullum, ko karen jinsin aiki ne da aka tsare a ɗaki, to matsalar tana nan tana jiran duk karen da zai shigo, kwikwiyo ma ya fi saurin faɗawa cikinta. Akwai kuma dalili na uku da ake yawan mantawa da shi, wato ciwo. Farfesa Daniel Mills na Jami'ar Lincoln a Ingila da abokan aikinsa sun nuna a wani nazari na 2020 cewa kaso mai yawa na karnukan da ake kai wa likitocin ɗabi'a suna fama da wani ciwo a jiki, kamar na gaɓoɓi ko na ciki, wanda shi ne ke haddasa zafin ran ko yake ƙara masa ƙarfi.

Kwikwiyo daga mai kiwo na ƙwarai

Wannan shi ne zaɓin da yawancin mutane ke nufi idan sun ce suna son farawa daga tushe, kuma yana da hujja mai ƙarfi a bayansa. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka shafe shekaru suna yi a Bar Harbor da ke jihar Maine a Amurka, wanda suka fitar da sakamakonsa a 1965, ya tabbatar da cewa akwai wani ɗan lokaci a rayuwar kwikwiyo, daga kusan mako 3 zuwa mako 12, da yake karɓar sababbin mutane da wurare da ƙararraki cikin sauƙi. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci yakan zame masa abin yau da kullum, abin da bai gamu da shi ba kuwa yana iya zama abin tsoro daga baya. Tun da ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, mai ɗaukarsa yana samun kusan wata guda na wannan dama a hannunsa, sauran makonnin kuwa sun wuce a hannun mai kiwo. Saboda haka zaɓen mai kiwo ya fi zaɓen kwikwiyon kansa muhimmanci.

Sai dai tarbiyya ba ta share gado. Tsoro da saurin firgita suna cikin ɗabi'un da ake gada, kuma karyar da ta yi ciki cikin tashin hankali, ko take renon 'ya'yanta cikin fargaba, tana iya bar musu wani abu na wannan hali. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka uwar ita ce babbar shaidar da mai saye yake da ita. Ya kamata a gan ta tare da 'ya'yan a inda aka haife su, a lura ko tana zuwa wajen baƙo da sakin jiki ko tana ja da baya tana gurnani, a kuma tambayi halin uban da na 'ya'yan da ta haifa a baya, waɗanda suka riga suka girma. Mai kiwon da ya ce uwar ba ta nan, ko ya nemi a haɗu a bakin hanya ya miƙa kwikwiyon, ya riga ya ba da amsar da ake nema.

Abu biyu ne mutane ke dogara da su fiye da kima a nan. Na farko sunan jinsi. Wani babban bincike da Kathleen Morrill da Elinor Karlsson da abokan aikinsu suka wallafa a 2022, bayan tattara bayanan karnuka fiye da 18,000, ya gano cewa jinsi yana bayyana kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin ɗabi'a tsakanin kare da kare. Jinsi yana faɗin girman jiki da irin gashi da wasu abubuwan da kare ke son yi, amma ba ya ba da tabbacin cewa wannan karen da ke gabanka zai zama mai sanyin hali. Na biyu shi ne gwajin da ake yi wa kwikwiyo yana mako 7 ko 8, a kwantar da shi a ga ko zai yi gardama, a tafa hannu a ga ko zai firgita. Nazarin da aka yi a Suwidin a kan ɗaruruwan 'yan kwikwiyo, wanda ya fito a 1998, ya nuna cewa irin wannan gwaji ba ya hasashen halin babban kare sai kaɗan. Ainihin hali yakan gama bayyana ne tsakanin shekara 1 zuwa 3, kuma a wannan tsakanin ne faɗa da wasu karnuka ko ƙyamar baƙi ke fitowa idan za su fito.

Ta fuskar wahala, wannan zaɓi ne mafi nauyi, kuma a ganina nan ne wanda ya fito daga gajiyar karen ceto ya fi buƙatar gaskiya da kansa. Kwikwiyo mai wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da sa'a biyu ko uku, saboda haka akwai tashin dare na makonni, kuma koya masa inda zai yi bayan gida yakan ɗauki watanni. Yana da haƙoran nono 28 masu tsini waɗanda za su zube a maye gurbinsu da 42 kafin ya kai wata bakwai, kuma a duk wannan lokaci yana tauna takalmi da ƙafar kujera da hannun mai shi. Ga wanda kare ya taɓa ciza, wannan cizon wasa yana iya tayar da tsohon tsoro, har ya riƙa ganin mugunta a abin da kowane kwikwiyo ke yi. Bayan wannan sai lokacin balaga. Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle da abokan aikinta sun ruwaito a 2020 cewa karnuka masu wata 8 sun fi ƙin bin umarnin mai riƙonsu idan aka kwatanta da lokacin da suke wata 5, alhali suna bin umarnin baƙo kamar da. Masu bincike a Jami'ar Helsinki kuma sun ruwaito a 2024 cewa kusan rabin masu karnukan da suka tambaya sun shiga damuwa ko takaici ko gajiya mai yawa a lokacin ƙuruciyar karensu, kusan ɗaya cikin goma kuwa abin ya yi musu tsanani.

Kuɗinsa ma shi ne mafi yawa. Bayan kuɗin saye akwai allurar rigakafin cututtukan karnuka masu yaɗuwa, wato fabo da distemfa da ciwon hanta, wadda ake farawa yana mako 6 zuwa 8 a riƙa maimaitawa duk bayan mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16, sai allurar haukar kare daga mako 12, da maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska, da aikin hana haihuwa idan an zaɓi yin sa, da kuɗin ajin horo. A nan akwai wani cin karo da ke rikita masu kwikwiyo: lokacin da ya fi dacewa ya saba da duniya shi ne lokacin da rigakafinsa bai kammala ba. Ƙungiyar likitocin ɗabi'ar dabbobi ta Amurka ta ba da matsaya tun 2008 cewa kada a kulle kwikwiyo a gida har allurar ta ƙare, a fara haɗa shi da mutane da karnuka masu lafiya a wurare masu tsabta bayan mako guda da allurar farko.

Ta fuskar ɗorewa, kwikwiyo yana ba da shekaru mafi yawa, amma jinsi yana da tasiri sosai a nan fiye da yadda yake da shi a ɗabi'a. Nazarin Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan na 2022 ya sami matsakaicin tsawon ran karnukan Birtaniya shekara 11.2, inda Jack Russell ya kai 12.7, shi kuwa Bulldog na Faransa, mai gajeren hanci da wahalar numfashi, ya tsaya a 4.5. Mai kiwo na ƙwarai yana nuna takardun gwajin lafiyar iyaye, musamman hoton ƙashin ƙugu a manyan jinsuna, kuma yana rubuta a yarjejeniya cewa zai karɓi karen a kowane lokaci idan riƙon ya gagara. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da daraja ta musamman ga wanda ya taɓa rasa inda zai kai karen da ya fi ƙarfinsa.

Kwikwiyon da ba a san iyayensa ba

Gidajen ceto ma suna samun 'yan kwikwiyo, kuma kuɗin ɗaukarsu ya fi sauƙi nesa, sau da yawa ma an riga an yi musu allurar farko. Wahalar renonsu daidai take da ta kwikwiyon mai kiwo, ba a rage komai ba. Abin da aka rasa shi ne shaidar iyaye: ba a san uban ba, wani lokaci uwar ma ba a gan ta ba, ba a san girman da zai kai ba, kuma ba a san yadda makonninsa na farko suka wuce ba. Idan an haife shi a gidan wani mai riƙo, wato wanda ya karɓi uwar na ɗan lokaci a madadin gidan ceto, uwar tana nan ana ganin halinta, to ya matso kusa da zaɓin farko. Idan kuwa tsintarsa aka yi shi kaɗai yana ƙarami sosai, rashin tabbas ɗin ya ninku, domin kwikwiyon da aka raba da uwa da 'yan'uwa da wuri yakan rasa darasin sassauta cizo da suke koya wa juna.

Kwikwiyon dillali ko na tallan intanet da ba a ga inda aka haife shi ba cinikin biri a sama ne, kuma ban sa shi cikin zaɓin da ya cancanci awo ba. Binciken Franklin McMillan da abokan aikinsa na 2013 ya sami ƙarin faɗa da tsoro da rashin jure kaɗaici a karnukan da aka saya a shaguna idan aka kwatanta da waɗanda aka karɓa kai tsaye daga ƙananan masu kiwo. A Ingila doka ta hana shaguna da dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba tun Afrilun 2020.

Babban kare mai sanannen tarihi

Wanda ya sha wahala yakan rufe wannan ƙofa gaba ɗaya, alhali ita ce ke ba da bayani mafi yawa idan an bi ta daidai. Kare mai shekara 3 zuwa sama ya gama zama abin da zai zama. Girmansa a bayyane yake, ƙarfin kuzarinsa a bayyane, kuma yadda yake da yara da baƙi da sauran dabbobi abu ne da za a iya gani da ido. Muhimmin abu shi ne inda aka gan shi. Kare a cikin kejin gidan ceto yana cikin firgici da hayaniya, wani ya yi lamo kamar mai sanyin hali alhali tsoro ne ya daskarar da shi, wani ya yi ta haushi alhali a gida ba haka yake ba. Gary Patronek da Janis Bradley sun yi bayani a 2016 cewa gwajin ɗabi'ar da ake yi a irin waɗannan gidaje ba ya hasashen cizo a gida da wani tabbaci da ya wuce na canki-canka. Mai yiwuwa ne wannan shi ne abin da ya faru da karen farko: an ba da bayani da zuciya ɗaya, amma bayanin keji ne.

Hanyoyin da suka fi aminci uku ne: karen da ya zauna wata biyu ko uku a gidan mai riƙon ƙwarya, wanda zai iya faɗin abin da yake yi idan an buga ƙofa, ko an taɓa kwanon abincinsa, ko an bar shi shi kaɗai, sai karen da mai kiwo ya daina haɗa shi barbara yana nema masa gida, da karen da mai shi ke rabuwa da shi saboda ƙaura ko rashin lafiya ko rasuwa, inda akwai takardun asibiti da za a duba. Tsawon zaman yana da dalili, domin masu aikin ceto sun daɗe da lura cewa kare yakan ɗauki kwanaki kafin ya huce, makonni kafin ya gane tsarin gida, da kusan wata uku kafin ya saki jiki ya nuna duk halinsa. Kuɗin wannan zaɓi matsakaici ne ko ƙasa da haka, wahalar farko kaɗan ce, amma shekarun zama tare sun ragu kuma kuɗin asibitin tsufa ya matso kusa. Haɗarin da ya rage shi ne mai bayarwa ya ɓoye wani abu don ya rabu da karen, maganinsa kuwa shi ne a nemi lokacin gwaji na makonni a rubuce kafin a kammala ɗauka.

Jinkiri da riƙon ƙwarya

Mutum yana iya karɓar kare na ɗan lokaci a madadin gidan ceto, wanda galibi shi ke ɗaukar nauyin magani. Kuɗi kaɗan ne, mafita a buɗe take, kuma yana nuna wa mutum ko gabansa yana faɗuwa har yanzu idan kare ya yi gurnani. Illarsa ita ce wasu karnukan da ake bayarwa riƙo su ne masu matsala, don haka sai a faɗi tarihin da aka fito daga ciki a fili, a nemi mai sauƙi.

| Zaɓi | Sanin hali | Kuɗi | Wahala | Ɗorewa | Haɗari da mafita |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwikwiyon mai kiwo na ƙwarai | Matsakaici, ta hanyar iyaye | Mafi yawa | Mai yawa har shekara 1 zuwa 2 | Mafi tsawo | Matsakaici, ana iya mayarwa |
| Kwikwiyon ceto | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa | Mai tsawo, lafiyar gado ba tabbas | Ya fi na sama, galibi ana iya mayarwa |
| Babban kare sananne | Mafi yawa | Kaɗan zuwa matsakaici | Kaɗan | Ya ragu | Kaɗan idan akwai lokacin gwaji |
| Riƙon ƙwarya | Ana gani a hankali | Mafi ƙanƙanta | Ya danganta da karen | Na ɗan lokaci | Mafi ƙanƙanta |

Wanne ya dace da wa

Wanda karensa na farko ya zo da tsoro ko faɗa da ya samo asali tun kafin a ɗauko shi, kuma yana da wanda zai kasance a gida yawancin yini na watannin farko, da kuɗin shekarar farko a ajiye, kwikwiyon mai kiwo na ƙwarai ya dace da shi, da sharaɗin ya ga uwar kuma ya yarda ya jira, domin masu kiwon kirki ba sa barin karyarsu ta riƙa haihuwa a kai a kai. Gidan da ke da wani kare ko kyanwa da karen farko ya addaba shi ma yakan fi samun sauƙi da kwikwiyo, saboda dabbobin gida sun fi karɓar ƙarami.

Wanda aikinsa ke raba shi da gida tsawon yini, ko wanda rashin jure kaɗaici ne ya gajiyar da shi a karon farko, babban karen da mai riƙo ya tabbatar yana zama shi kaɗai lafiya ya fi masa, tun da babu mai iya ba shi wannan tabbaci a kan kwikwiyo. Haka ma dattijo, ko wanda ba shi da ƙarfin tashin dare da jan igiyar kare mai tashen balaga.

Gida mai yara ƙanana yana tsakanin biyu. Babban karen da ya riga ya zauna da yara shekaru shi ne mafi tabbas, kwikwiyo kuwa yana yiwuwa idan akwai babban da zai tsaya a kansu ko da yaushe, domin haƙoransa da gudun yara ba sa haɗuwa lafiya ba tare da mai lura ba.

Kwikwiyon ceto ya dace da wanda kuɗi ya yi wa iyaka amma yana da lokaci da sarari, kuma ba zai damu ba idan karen ya girma fiye da yadda aka zata. Wanda kuwa cizon ya faru kwanan nan, ko mutanen gidansa ba su daidaita a kan sake kawo kare ba, ya fara da riƙon ƙwarya na kare mai sauƙin hali na wata ɗaya ko biyu, sannan ya dawo kan sauran zaɓin uku.